Na Baro Umma a Dalikan

Tudun Wada, Zariya
Yuli, 2024

Zuwa ga Yayana Kailani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Ikhlas da yara, Ya kuma ƙara sa albarka a aikin da ya kai ka Kanada. Mu nan lafiya muke, sai godiya. Damina ta zauna sosai, har kwatar bakin layinmu ta tumbatsa, masu keke suna zagayawa ta bayan masallaci. Maigidana Zulkiflu ya samu sauƙin ƙafar nan, ya koma wurin aiki. Sumaiya ta gama jarrabawa tana jiran sakamako, Ashraf kuwa sai tsawo yake yi babu ƙiba, duk wanda ya gan shi sai ya ce kai ne kana saurayi. Gwaggo Kulu tana nan gidanta a Gyallesu, gwiwa ce kawai take damunta, amma bakin nan nata yana nan yadda ka san shi.

Yaya, ranar da na kira ka daga filin jirgin Abuja na ce maka ni kaɗai na dawo, ba ka bari na kai ƙarshen magana ba. Ka ce na ɗauki uwarmu na kai ta bayan duniya na ajiye cikin mutanen da ba su san alwala ba, ka tambaye ni wa zai yi mata sutura in ta Allah ta kasance, daga nan layi ya yanke. Tun ranar ba ka sake ɗaukar wayata ba. Ban ga laifinka ba, domin da ni aka kira aka faɗa wa haka, da na faɗi abin da ya fi naka zafi. Na so mu yi shawara tun ina can, amma a Dalikan, garinsu Umma, sai mutum ya hau tudun makaranta kafin waya ta kama, kuma ranarsu darenku ne, maganar ma ba ta saƙon waya ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuto maka, zan ba abokinka Salmanu ya taho maka da ita tunda mako mai zuwa zai koma. Ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke mini hukuncin da ka ga ya dace.

Rabonka da gida tun rasuwar Baba, don haka abin da ka sani game da ciwon mantuwar Umma duk ji ne, kuma ni ma nakan rage maka don kada hankalinka ya tashi. Da farko makulli take mantawa, sai ta sa gishiri a miya sau biyu. Daga baya Turanci ya fara kuɓuce mata, ita da ta kwashe ƙuruciyarta tana koyar da lissafi da shi a makarantar 'yan mata. Sai Hausa ta bi baya. Ka tuna yadda take ciniki a kasuwar Tudun Wada har masu tumatir su waiwayo su ga wace ce, su ce ashe Malama 'Yar Caina ce, ita kuma ta gyara musu ta ce Filifin daban Caina daban? To duk wannan ya tafi. Zuwa bara ba abin da ya rage a bakinta sai Kankanai, yarensu na kan duwatsu. Likitan asibitin Shika ya ce haka ciwon yake, abin da mutum ya koya a ƙarshe shi yake fara tafiya. Takan wuni a bakin taga tana magana, mu kuma sai dai mu ce to, mu ce na'am. Akwai wata magana guda da take kama hannuna tana maimaitawa, har na ɗauka a waya na tura wa ƙanwarta Inna Lorna. Ta ce tambaya take yi ko an buɗe hanya, wai ƙasa ta zaftare ta tare ta, ga shi babanta yana jiranta.

Ka san yadda aka yi ba mu iya yaren nan ba. Muna yara in ta fara yi mana waƙa da shi dariya muke yi, mu ce Umma ta fara yaren kankana. Gwaggo Kulu kuma ta sha ce mata 'ya'yan Malam Junaidu Hausa da Larabci suka kamace su, kada ta rikita musu harshe. Ita da ta bar addinin iyayenta da sunanta ta zama Saratu, ba ta ga wahalar ƙara barin wannan ba, sai ta daina yi mana shi. Gida kuwa sau ɗaya tak ta je, kana goye, tun kafin a haife ni. Da Naira ta faɗi, malaman da suka zo tare suka riƙa komawa ɗaya bayan ɗaya, ita ta zauna. Baba ya yi niyyar kai ta, Allah Ya sani, amma kullum da abin da zai gitta. Aka ce bayan ritaya, sai aka ce bayan Hajji, sai bikina ya zo, sai karatunka, sai rashin lafiyarsa. Shekarar da aka yi girgizar ƙasa a ƙasarsu mahaifinta ya rasu, labarin bai iso mata ba sai da aka girbe gero. Da na sani ƙeya ce, Yaya, a baya take.

Kuma ka san wa ya ce in kai ta? Gwaggo Kulu. Cikin azumin bana ta zo duba ta, Umma ta kama hannunta ta yi ta zuba mata zance tana murmushi. Da Gwaggo ta fito tsakar gida sai ta zauna a kan turmi ta yi kuka. Ta ce ita ta koya wa matar nan tuƙa tuwo, tare suka yi goyo, ita ta taya ta zaman takaba, yau ga shi ta zama kurma a gabanta. Ta ce in ɗauke ta in kai ta inda akwai kunnuwan da za su ji ta, ko da na wata ɗaya ne. Kai ma ka amince a lokacin, bisa cewa ziyara ce. Ni ma a haka na tafi.

Bayan ƙaramar Sallah muka tashi. Manila zafi da cunkoso kamar Legas, ban ga abin ɗauka ba. Daga nan muka shiga babbar mota zuwa arewa, wani birni a kan tudu da ake kira Bagiyo, sannan muka sake wata ƙarama zuwa Dalikan. Yaya, gani ya kori ji. Dutsen Kufena da muke taƙama da shi, in aka kai shi can, murhu za a yi da shi. Hanyar a jikin dutse aka sassaƙe ta, gefe ɗaya bango, gefe ɗaya rami wanda ba ka ganin ƙarshensa sai wani kogi siriri kamar zare. Wani wurin gajimare a ƙarƙashinka yake. Sau da yawa mun wuce inda ƙasa ta zaftare aka ture ta gefe, sai na gane tambayar Umma ba ruɗu kaɗai ba ce, abin da ta tashi tana gani ne. Ba su da fili shimfiɗaɗɗe ko na ƙwallon yara, don haka gonakinsu hawa-hawa suke kamar matakala, kowace an tokare ta da ginin duwatsu, tun daga bakin kogi har inda ido ya gaza. Na ƙasa shinkafa, na sama kabeji da karas da dankalin Turawa, waɗanda manyan motoci ke kwasa zuwa Manila. Itatuwansu dogaye ne masu ganye kamar allura, ƙamshinsu har cikin mota. Tun daga Zariya Umma ba ta ce uffan ba, amma da muka fara wannan hawa sai ta manna goshinta da gilashi tana nuna duwatsu tana kiran sunayensu. Wata tsohuwa da ke kujerar gaba ta juyo ta amsa mata. Rabon da wani ya amsa wa Umma magana da magana, na manta.

Garin kansa titi ɗaya ne a kan doron tudu: coci, kasuwa, makaranta, ɗan asibiti, sai ofishin ƙaramar hukuma mai bene. Mutanensa duka ba su kai na Tudun Wada ba, kuma a warwatse suke cikin unguwanni goma sha ɗaya da suke kira barangai. Wata unguwar kana hango ta tsallaken kwari, kana jin carar zakaransu, amma kafin ka sauka ka hau ka isa rana ta yi tsaka. Da azahar ta wuce sai gajimare ya sauko ya rufe komai, sanyi ya shiga ƙashi. Na sa rigar sanyi biyu, su kuwa suna ce mini ai yanzu ne lokacin zafi.

Inna Lorna ungozoma ce da ta yi ritaya, tana jin Turanci, ita ta zama bakina da kunnena. Tana tsaye a ƙofar gida da muka iso, gajeruwa kamar Umma, har tafiyarsu ɗaya. Na ji tsoron kada Umma ta kasa gane ta, amma tana sauka ta kira ta da wani suna na ƙuruciya, ta kama kunnenta ta ja. Kafin mako ya zagayo gidan ya cika da tsofaffin mata. Abin da zan faɗa maka yanzu shi ya fi tsaya mini a rai. Ashe Umma mai barkwanci ce. Mu mun san ta mace mai shiru, mai tsare gida, wadda in ta yi magana to gyara ne ko umarni. Can kuwa sai ta faɗi abu tsofaffin nan su yi ta dariya har da hawaye, tana kwaikwayon tafiyar wani malaminsu na mishan, tana tsokanar wannan tana yi wa waccan waƙa. Na tambayi Inna Lorna ko ciwon ne ya mai da ita haka, ta ce a'a, haka take tun tana yarinya, duk garin an san ta da shi. Na zauna a gefe ina kallon wata mata da ta haife ni, ta raine ni, amma ban taɓa haɗuwa da ita ba. Ta koma cin abinci, tana barci, da safe ta zauna a rana tana tsince wake.

Ƙanensu, Kawu Basilyo, shi ne babba a maza yanzu. Manomin kabeji ne, ba ya son yawan magana, amma da ya ga ina tambaya sai ya ɗauke ni ya zagaya da ni. Ya ce tun kafin wani baƙo ya taka ƙasar kakanninsu suka gina gonakin nan da hannu, kuma akwai wata da'irar duwatsu a tsakiyar tsohuwar unguwa inda dattawa ke zama su raba ruwan ban gona, su sasanta rikicin iyaka. Har yau suna zama. Sifaniyawa sun mulki mutanen ƙasa shekaru ɗaruruwa, amma nan sai dai su hau neman zinariya, su ƙone rumbuna, yunwa da sanyi su koro su. Amurkawa ne suka zo da hanya, 'yan mishan suka bi su da makaranta. A ƙarshen yaƙin duniya sojojin Japan suka gudo cikin duwatsun, mutanen gari suka watse cikin daji suna cin saiwa, a nan yayyen Umma biyu suka rasu suna ƙanana. Ban taɓa jin tana da wasu yayye ba. Ya ce Dalikan da unguwa ce kawai a ƙarƙashin wani gari na tsallaken kogi, ko haihuwa za a rubuta sai an yi tafiyar yini. Lokacin Umma tana firamare wasu dattawa suka taka da ƙafa har hedikwatar lardi, suka yi ta zarya har aka ba su tasu ƙaramar hukuma. Kakanmu yana cikinsu, yana kuma cikin kansilolin farko. Sunansa yana rubuce a jikin bangon ofishin. Yaya, mu da za mu iya jero kakannin Baba malami bayan malami har cikin ganuwar Zazzau, sai da aka nuna mini sunan wannan da yatsa.

Da lokacin dawowa ya yi na haɗa mana kaya. Ina sawa a jaka, Umma tana fitarwa tana mayarwa cikin kabad. Na ɗauka wasa ne. Ranar tafiya mota ta zo, Umma ta fito ta zauna a kan dutsen ƙofar gida, ba faɗa ba hayaniya, ta ce wa Inna Lorna ta gaya wa mai motar ya yi haƙuri, ita yanzu ta dawo daga doguwar tafiya, ba inda za ta. Na lallaɓa, na kira sunanka, na kira na Baba, na nuna mata hotunan jikoki. Ta duba ta yaba, ta miƙo mini. Da Kawu ya kama hannunta zai ɗaga ta sai jikinta ya hau rawa, irin rawar da take yi a nan in an kai ta asibiti. Na ce a bar ta. Na ɗaga tikiti, na nemi ƙarin hutu a wurin aiki. Na yi ta juya abin a raina. In na ɗaure ta da magani na sa ta a jirgi, ina zan kai ta? Bakin tagar nan, inda za ta yi ta tambaya muna ce mata to. Kuma tambayar da ka yi mini, wallahi ita ta fara hana ni sukuni tun kafin ka yi ta.

Bari in fara da sallah. Umma ba ta bari ba. Hausa ta tafi, Turanci ya tafi, amma Fatiha da ƙananan surori suna nan daram, ko harafi ba ta ci. Raka'a ce takan ruɗe mata. Inna Lorna, wadda ba ta fashin coci, ta sa na rubuta mata lokutan sallah ta manna a bango, ita ke ɗumama ruwan alwala. Tun kafin mu iso ta fitar da naman alade daga gidan, ta sayi sababbin tukwane. A ranar kasuwa na ga wata mata da hijabi tana sayar da kayan sawa, na yi mata sallama kamar na ga 'yar uwata ta jini. Ita da mijinta Ishak, wanda na riƙa kira Malam Isiyaku, Musulmin kudancin ƙasar ne, fatauci ya kawo su, kuma suna da jama'a da masallaci a Bagiyo. Shi ya fara gaya mini cewa a can alƙibla yamma take. Na gyara tawa, amma Umma ko an juya mata darduma sai ta mayar ta fuskanci gabas yadda ta saba a Tudun Wada. Na sa Zulkiflu ya tambayi malaminsu, ya ce a ƙyale ta, wanda hankalinsa ya kai haka an ɗauke masa alƙalami.

Saura maganar sutura. Ba fata nake yi ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na buɗe baki na yi wa Kawu maganar. A al'adarsu gawa takan kwana da yawa a gida, dangi su taru daga ko'ina, a yanka dabbobi, sannan a binne mutum a akwati kusa da iyayensa a gefen gida. Da na ce mu a ranar muke binnewa, ba akwati, kuma Musulmi ne za su wanke ta su yi mata sallah, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce an ɗauke musu ita tana budurwa, ba su ga aurenta ba, ba su ga tsufanta ba, yanzu mutuwarta ma za a hana su. Daga ranar ya daina shigowa gidan.

Inna Lorna ta kai ni wurin shugaban unguwarsu, wanda suke kira kyaftin. Kamar mai unguwa yake, sai dai shi zaɓensa ake yi. Ya ce abin kashi biyu ne, na dangi dattawa ke da shi, na izinin binnewa kuma ƙaramar hukuma. Muka je wurin magajiyar gari, wato shugabar ƙaramar hukumar. Mace ce, ta daɗe tana aikin jinya a Riyad, da sallama ma ta tarbe ni, kuma ba sai da na yi mata dogon bayani ba. Ta ce za ta iya ba ni kalmarta, amma su duk bayan shekara uku ake zaɓe, baɗi ma akwai, kuma alkawarin mai kujera tare da kujerar yake tashi. Gara a kai maganar majalisa ta zama ƙuduri, wanda ko wa ya hau zai tarar da shi. Majalisar kansiloli takwas ne zaɓaɓɓu, mataimakin magajiya ke shugabantar zama, ga kujerar matasa, ga kuma wata da aka ware wa wakilin dattawan gargajiya. Duk Litinin suke zama, ƙofa a buɗe, kowa ya ga dama ya shigo. Ni da nake aikin gwamnati ban taɓa zama na ga kansiloli suna muhawara ba sai a ƙasar wasu.

Kafin a zo kan tamu sai da suka gama gardamar gyaran hanyar wata unguwa kafin lokacin guguwa, da ta harajin motocin kabeji. Da aka kira ni na tashi na yi bayani. Wani kansila ya ce maƙabartar gari ta cika, wuri kwance kuwa a Dalikan ya fi zinariya tsada, in aka yanka wa mutum ɗaya gobe wani ma zai nema. Wata ta ce ba a taɓa binne kowa ba akwati a garin ba, tana tsoron ruwan sama da zaftarewa. Gaskiya suka faɗa, ba ƙiyayya ba ce. Sai wakilin dattawa, wani tsoho da bargo a kafaɗa, ya ce sun riga sun zauna a kan duwatsu da Basilyo, a bar shi ya faɗi da bakinsa. Ban ma san Kawu yana ɗakin ba. Ya taso daga baya da hularsa a hannu. Ya ce ba ya so a kai yayarsa maƙabartar gari cikin baƙi. Akwai wata 'yar gona a can saman gonakinsu, mai ƙasa mai ƙarfi, tana kallon faɗuwar rana, tsakaninta da kabarin mahaifinsu jifa ɗaya ne. Ya bayar da ita. Ya yarda a yi mata yadda addininta ya ce, a ranar, su kuma za su yi taronsu na dangi daga baya ba tare da gawa ba. Sharaɗinsa ɗaya, shi da 'ya'yansa za su haƙa kabarin, Malam Isiyaku ya nuna musu yadda ake yi. A haka majalisa ta amince. Matar Malam Isiyaku ta ɗauki alkawarin wanka ita da matan masallacinsu, kuma duk ranar kasuwa tana biyawa ta gaida Umma.

Ban ce maka na yi daidai ba, Yaya. Tun da na dawo, in na wuce ƙofar ɗakinta sai in ji kamar in koma filin jirgi. Abin da na sani shi ne da mun kai ta tun tana da hankalinta, da ita za ta zaɓa da bakinta, ba ni ba, kuma wataƙila da ta zaga da mu ta nuna mana komai da kanta, ta dawo Tudun Wada ta ƙarasa kwananta cikin jikokinta. Mun bari har lokaci ya zaɓa mana.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Zulkiflu. A makonnin ƙarshe Umma ta daina gane ni. Ba ta gudu na, tana sake da ni, amma ta ɗauke ni wata baƙuwa ce da ta sauka a gidan. Da safen da zan taho ta ga jakata a ƙofa, sai ta shiga ciki ta ƙullo mini wake da garin kofi a ɗankwali, yadda suke yi wa baƙo. Ta shafa fuskata ta yi magana mai ɗan tsawo. Inna Lorna ta ƙi fassarawa, sai da na matsa mata. Wai cewa ta yi ni yarinyar kirki ce, duk wadda ta haife ni ta iya tarbiyya, in na isa gida in gaishe mata da mahaifiyata. Na durƙusa na ce za ta ji.

Amma kai ba ta manta ka ba. Tsofaffin garin suna tuna jaririn da ta zo da shi, ita ma takan tambaya ko Kailani ya tashi daga barci a ba shi nono. Ban san iya lokacin da sunan zai ƙara yi a bakinta ba. Zumunta a ƙafa take. Inna Lorna ta ce ka bari guguwa ta wuce, daga Nuwamba hanya takan yi kyau. Tare da wannan takarda Salmanu zai ba ka wani ƙulli. Likkafanin da Umma ta sayo a Makka ne, na same shi a ƙasan akwatinta, ban tafi da shi ba don ban san haka za ta kasance ba. Ban yarda in sa shi a hannun 'yan aike ba, kuma ba na so baƙo ya kai. Kai ne babba, kai ya kamata ka miƙa shi ga Kawu. In ka je ka ga na yi kuskure, ka ga za ka iya ɗago ta daga kan dutsen nan, ka dawo da ita, ba zan ce komai ba.

Ka gaishe mini da Anti Ikhlas da kyau, ka ce na gode da saƙon da ta turo a ɓoye tana tambayar lafiyata. Ka shafa mini kan Haidar da Ishatu. Zulkiflu yana gaishe ka, Sumaiya da Ashraf suna gaida Kawunsu. Gwaggo Kulu ta ce in gaya maka fushi da ƙanwa ba ya ƙara wa mutum girma, ta kuma ce in za ka tafi ka sanar da ita, tana da daddawa da kuka da za a kai wa ƙawarta. Inna Lorna da Kawu Basilyo ma sun ce a gaishe ka, suna jiranka. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba Umma sauƙi, Ya sa ta cika da kalmar shahada a duk inda kwananta ya ƙare, mu kuma Ya yafe mana.

Ni ce ƙanwarka,
Surayya Junaidu